Sunan Ɗan Fari a Bakin Ƙofa

Tun da matattu suka fara tashi suna cizon mutane, garin ya kafa doka: wanda ya dawo daga daji, sai wani nasa ya kira sunansa sau ɗaya daga saman ganuwa. In ya amsa, a buɗe masa, don wanda aka ciza sunansa yake fara mantawa.

Da hantsi Haladu ya dawo daga neman itace, yana jan ƙafa. Uwarsa Kande kaɗai ta rage masa a duniya. Shi kuwa ɗan fari ne. Shekara goma sha bakwai kunya ba ta bari ta kama sunansa ba.

"Inna, ki kira shi mana," in ji mai gadi.

Ta runtse ido. "Haladu!"

Bai ko ɗago kai ba. Mai gadi ya zura sakata.

Ta fashe da kuka, ta kira shi yadda ta saba: "Kai wannan!"

Nan take ya ɗago. "Na'am, Inna?"

Mai gadi ya kau da kai. "Ki yi haƙuri, Inna. Suna doka ta ce."