Goyon Kwalba

Tun da aka fara renon ƙwayoyin garkuwar jikin kowa a kwalba, doka ta ce duk wanda ya haura shekara saba'in a fitar da kwalbarsa daga ɗakin ɗumi. Da dokar ta hau kan Malam Barau, yana kwance ba lafiya, matarsa Tabawa ta je karɓowa.

"Iya, sai haƙuri," in ji ma'aikaciyar ɗakin. "Da ƙwayoyin sun huce sun mutu, kuma su ne maganin Baba."

"Wane irin ɗumi suke so, 'yar nan?"

"Na jikin mutum."

Tabawa ta warware majanyi, ta goya kwalbar, ta ɗaure tamau.

"Bayan nan bai taɓa barin goyo ya huce ba. Mai dokar ya zo ya kwance."