Zuba a Miya

A gidanmu na Baure, kakata ta shuka ɗaɗɗoya a fasasshiyar tukunya, inda ruwan alwala ke zuba. Ita ce ƙamshin miyarmu, ita ce maganin murarmu.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, ina 'yar takwas, ƙanwata Hafsi ta kwana uku tana numfashi da ƙyar. Bayan la'asar Kaka ta ce, "Ke, tsinko min ɗaɗɗoya, mu yi mata sirace."

Na tsuguna ina zaɓe. Ganyen da tsutsa ta ci na yar, wanda ya soma bushewa na yar. Na Hafsi ne, sai mai kyau. Ban san na daɗe ba.

Da na kawo, Kaka na tsaye a ƙofar ɗaki, ta saki labule. Daga ciki ina jin innarmu tana salati ƙasa-ƙasa. Kaka ta dubi ganyen da ke hannuna.

"Je ki zuba a miya," ta ce. "Mutane za su zo."

Na san ganye ba ya hana ajali. Amma har yau, in na ji ƙamshin ɗaɗɗoya a miya, sai in tsame hannuna.