Layi Biyar da Gogen Badaru

Badaru mai goge ya haura shekara saba'in, kuma a duk Dakoro shi kaɗai ya rage da ya san taken da ya gada wajen ubansa: na manoma, na masu raƙuma, da na masu haƙar rijiya. Matarsa Azara ta rasu. 'Ya'yansa maza biyu suna arewa wajen haƙar zinariya, ba wanda ya taɓa riƙe goge a cikinsu. Da hantsi yakan zauna gindin aduwar ƙofar gidansa ya yi ta goga wa kansa. Masu wucewa su gaishe shi su wuce, waya na yi musu kiɗa a aljihu.

Autarsa Lailatu malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Sabon Maci. Lokacin da take koyon malanta a Maradi ta koyi solfej, wato karanta kiɗa a rubuce. Da aka yi hutun damina ta zo gida da littafi da kiriyon rubutu, ta zauna gefen tabarmarsa.

"Baba, dubi nan. Layi biyar ne, kamar matakala. In ɗigo ya hau sama, murya ta hau. In ya sauko, ta sauko."

Badaru ya leƙa. "Kashin awaki a bisa igiyar shanya. Wanga ne suka koya miki shekara biyu?"

Ta yi dariya. "Rabin karatun ke nan. Saura tsawon kowane ɗigo. Wanga baƙi mai sanda bugu ɗaya ne. Wanga da ba a cike cikinsa ba kuwa..."

Ya ɗaga mata hannu. "Ya isa. Ubana ya ce kiɗan da aka kwantar a takarda ya mutu. Daga hannu zuwa kunne ake ba da shi, kuma ɗa namiji ake ba."

"Ina ɗa namijin, Baba?"

"Za su dawo."

"Shekara shida kana faɗin haka. To bari in ɗauka a waya."

"Don a riƙa jin gogen ubana a teburin mai shayi, tsakanin ƙwallo da gulma? Tashi ki duba tuwonki, malama."

Ba wanda ya taɓa tambayar uban Badaru inda ya ga kiɗan da takarda ta kashe, shi da har ya koma ga Allah bai ga an rubuta ko ɗaya ba. Amma magana in ta tsufa, mutane sukan daina bincikarta.

Washegari Badaru yana goga taken rijiya, wanda ake yi ranar da mahaƙa suka iske ruwa, Lailatu ta ɓoye a bayan zana tana rubutawa. Ta kai rabi ke nan tari ya tona ta. Bai yi mata faɗa ba. Ya tashi ya rataye gogen a ɗaki, bai sake sauke shi ba sai da hutunta ya ƙare ta koma.

Bayan an gama yankan hatsi, wata safiya maƙwabcinsa Idrisa ya tarar da shi kwance kusa da randa. Ciwon shanyewar jiki ya ɗauke hannun dama da baki. Hankalinsa kuwa garau. Duk taken suna nan cikin kansa, yana jin su ɗaya bayan ɗaya, amma in ya buɗe baki sai gurnani guda, ba hawa ba sauka. 'Ya'yansa mazan suka bugo waya suka yi masa sannu. Ba su zo ba.

Lailatu ta nemi izini ta dawo jinya. Wata rana da la'asar ta ga idonsa na bin gogen da ke bango, sai ta ɗauko littafin. Ta ɗora yatsa a kan layukan, ta fara rera taken rijiya da hanci, daidai yadda yake goga shi, har da ɗan jinkirin nan da yakan yi kafin ya hau. Badaru ya rufe ido. Kiɗan da aka ce ya mutu ga shi yana yawo cikin ɗaki.

Sai ta tsaya.

"Nan na tsaya ran nan, Baba. Sauran yana wurinka."

Ya miƙo hannun hagu, ya jawo littafin. Ashe rabin karatun nan na hawa da sauka ya zauna masa. Ya ɗora yatsa a kan layukan da ba a rubuta kome ba: sama, sama, ƙasa, sama. Lailatu tana bi tana ɗiga masa.

"Wanga bugu nawa ne, Baba? Ɗaya ko biyu? Layi na uku kake nufi ko na huɗu?"

Ya dube ta. Wannan shi ne sauran rabin karatun da ya ɗaga mata hannu ya ƙi ji.

Ta rera abin da suka haɗa. Ya girgiza kai. Ta ja wani ɗigo, ta gajarta wani, ta sake rerawa. Ba shi ba ne. Sun yi ta yi har inuwa ta kai bakin zaure. Daga ƙarshe ya ture littafin a hankali, ya juya fuskarsa wajen bango.

Badaru ya rayu shekara biyu bayan haka, shi kaɗai yake sauraron kiɗansa. Abin da ya rage wa Dakoro daga gogen gidansu shi ne rabin shafi. Lailatu tana koya wa 'yan ajinta shi, suna rerawa, in sun kai tsakiya su yi shiru.

Mai karatu, rubutu bai kashe kiɗan Badaru ba, ƙin rubutawa ne ya kashe shi. In akwai wani sani a kanka, ka bari a rubuta shi tun bakinka na motsi, kuma ka ba wanda ya zo nema, ko mace ce, kada ka ajiye wa wanda bai zo ba.