Jan da Ba na Goro Ba

Kun gani, kuka kau da kai. Wata biyar Malam Tsalha mai goro yana tofar da ja a bakin tasha, kuka ce ai goro ne.

Tun da aka kafa madubi mai duba marasa lafiya a ƙofar kowane asibiti, ba mai ganin likita sai madubin ya yarda. Ranar Talata Ladidi, 'yar Malam Tsalha, ta kai shi gaban madubin. Ya buɗe baki, ga ƙari a dasashi, jajawur, jijiyoyin jini sun dunƙule a ciki, ko tuwo ya taɓa shi sai jini.

Madubin ya ce, cikin ladabi, "Goro ne. A rage ci."

"Baba ya bar goro tun azumi," in ji Ladidi.

"Goro ne. Na gaba."

Malam Tsalha ya rufe baki da hannun riga. "Mu je wajen wanzami, ya yanke kamar beli, a huta."

"Ba beli ba ne, Baba. In aska ta taɓa shi, jinin ba zai tsaya ba."

Mai gadi ya rage murya ya ce cutar da ba ta da yawa madubi bai san ta ba, amma in mutum arba'in suka shaida sun gani da idonsu, ƙofa za ta buɗe.

Ladidi ta zaunar da mahaifinta a benci, ta shiga tare masu wucewa. Kafin azahar ta samu mutum tara.

Suna nan har yanzu. Kai da ka sha sayen goronsa, tashi ka je ka duba bakin nan, ka shaida.