Takarda Mai Wata Uku

Ranar sadakar bakwai ta Malam Ladan, matarsa Sadatu ta ji fatake suna gardamar takarda a zaure, ta tsaya bayan zana da ƙwaryar fura a hannu.

Maiwada, wani falken Birnin Kebbi da ya zo gaisuwa Argungu, shi ke jan zancen. Ya ce a da takardar Italiya ce ta cika ƙasar nan, raƙumi bayan raƙumi daga Tarabulus. Yanzu ta Ingila ke hawowa daga Ikko, buhu-buhu, har mai ƙosai na naɗi da ita. Ta Italiya kuwa, tun da yaƙi ya toshe hanyar hamada, ko falle bai ƙara ƙetarowa ba.

Sadatu ta ji kamar an watsa mata garwashi. Ɗanta Tamba, shi kaɗai ta haifa, ya bi ayarin arewa tun kafin yaƙin, bai dawo ba. Amma duk shekara bayan kaka malam yakan shigo da ɗaurin takarda, ya ce saƙon Tamba ne, wani maɗugu ya kawo. Sai ya zaro falle daga ƙasan ɗaurin ya ɗaga wa rana, ta ga siffar jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar, alamar da ta Ingila ba ta da ita. Wannan ne kaɗai shaidarta cewa yaron na numfashi.

Sau ɗaya ta taɓa taɓawa, a ɗaurin farko, da ɗanyen lalle a yatsa don zumuɗi. Malam ya yi faɗa kamar zai ci ta. Daga nan kallo ne nata: ya nuna, ya naɗe, ya kulle a adaka. Shi da sana'arsa kwafar littattafai ce, ya koma rubutu a kan ta Ingila yana tsaki, wai ta Tamba sai babban aiki.

Saboda takardar nan ta hana a yi wa Tamba addu'ar mamaci. Saboda ita ne kuma Baiwa, matar Tamba, ta zauna a gidan har furfura ta fara leƙo mata.

Ta dire ƙwaryar, ta manta da takaba, ta ɗaga murya.

"Maiwada, ƙarya ka kai! Ɗana shina aiko muna da ita duk shekara, har bara."

"Inna, ki yi haƙuri," in ji shi. "Ban san wanda yag ga sabuwa ba."

"To tsaya nan, ka gani da idonka."

Ta shiga ɗakin malam, Baiwa na biye da ita. Makullin na cikin aljihun rigar da ya bari. Sadatu ta ce wa Baiwa ta kawo faifai biyu, don ɗaurin shekarun nan hannu ba zai ɗauke su ba.

Murfin ya buɗe da ƙyar. Adakar wayam, sai ɗauri ɗaya a ƙurya, igiyarsa ta sha kuncewa da ƙullewa har ta yi laushi. Ta warware shi.

A fallen sama, ga shatin yatsanta na lalle, ya koɗe ya koma ruwan ƙasa.