Saniyar da ke Gudun Kilomita Tamanin

"Na kama su! Wallahi na kama su!"

Sharifa ta miƙe da ƙarfi har kujerarta ta kife. Wata uku ke nan da ɗaukarta aikin taswira a wata ƙungiya da ke unguwar Tunga a Minna, mai rataya wa shanun makiyaya na'ura a wuya don a riƙa sanin inda suke. Aikinta kullum ɗaya: ta buɗe manhajar taswira, ta cike gurabe, ta danna maɓalli, ta buga rahoton da ba mai karantawa. Yau kam ta samu abin nunawa.

Oga Andrawus ya fito daga ofishinsa da tabarau a goshi. Ɗayyabu, jami'in da ke zuwa daji yana ɗaura na'urorin, ya ɗago daga teburinsa yana murmushi. Shi ba mai magana ba ne. In ya gaishe ta da safe, ƙasa yake kallo.

"Saniya mai lamba goma sha huɗu, ta garken Gwada," in ji Sharifa. "Oga, ka taɓa ganin saniyar da ke gudun kilomita tamanin a awa?"

Ofis ya ɗauki dariya, har da Ɗayyabu. Oga bai yi ba. An sace shanu biyu a watan jiya, makiyayan sun fara cewa na'urar ado ce kawai. Ya kira mai garken, wayarsa ba ta shiga.

Tun safe sabis ɗin intanet ya ɗauke, saboda haka babu hoton gari a ƙarƙashin taswirar. Farin allo ne kawai, da ɗigo-ɗigo birjik, da sunayen garuruwa da kasuwanni. Sharifa ba ta damu ba. Ta buɗe akwatin umarnin da ke haɗa ɗigo su zama layi. A gurbin farko ta zaɓi bayanan saniyar, a na biyu ta ce a jera su bisa lokaci. Wata 'yar alama ja ta ƙi gushewa. Ashe ba ta raɗa wa sakamakon suna ba. Ta rubuta "Ɓarayi", alamar ta koma koriya, ta danna.

Layi ya fito shar. Daga Gwada ya miƙe ya shigo Minna, sannan ya yi ta kai-komo.

"A mota suka ɗauko ta," ta ce, tana tafa hannu. Wayarta ta yi ƙara: Inna ce. Tun ranar Asabar take cewa Baba na son magana da ita. Ta kife wayar. Asabar tana aji a jami'a, sauran ranakun tana nan. Magana ta jira.

Ta buɗe wani akwatin, mai tace bayanai, ta cire duk abin da ya faru a ranakun aiki, don a tunaninta ɓarawo ba ya yawo da kayan sata a idon jama'a. Ranakun mako suka ɓace daga allo. Ta bar Asabar da Lahadi. Sai ga abu ya fito fili: Asabar uku a jere, saniyar na zuwa wuri guda a arewacin Kasuwar Kure.

"Asabar ta farko, minti shida ta yi a wurin, aka juya da ita. Ta biyu, minti tara, aka sake juyawa. Leƙen asiri suke yi, suna tsoron a gan su!"

Ɗayyabu ya daina murmushi.

"Ta uku kuwa, ku duba. Da hantsi an je Paiko, an tsaya minti ashirin, ina jin ubangidansu suka ɗauko. Aka dawo Kure, aka yi rabin awa, neman mahauci ke nan. Daga nan sai wannan wurin. Awa biyu cur!"

Ta yi wani ɗan juyi a tsakiyar ofis, mayafinta na lilo. Lilian mai karɓar baƙi ta rangaɗa guɗa. Oga ya sauko da tabarau kan hancinsa, ya ce in wannan ya tabbata, a gaban shugabannin ƙungiya zai ambaci sunanta.

"Sharifa," in ji Ɗayyabu a hankali, "da kin ɗan dakata..."

"In dakata su yanka ta?"

Saura abu ɗaya. Ta buɗe akwati na uku, mai nemo tsakiyar tarin ɗigo. Don zumuɗi, har sau biyu linzamin kwamfutar ya kuɓuce mata. Ta cike gurabe, ta danna. Tauraro ja ya sauka a allo, lambobin wurin a gefensa. Ta kwafe su a takarda da manyan baƙaƙe, ta miƙa wa Oga da hannu biyu.

"Gidan ɓarayi ke nan. A tura 'yan sanda yanzu, kada a bar ko mutum ɗaya ya fita."

Oga ya lalubo lambar, ya kara waya a kunne. Aka fara jin ƙarar shigarta.

Ɗayyabu ya tashi, gumi ya jiƙe masa wuyan riga. Ya tako ya dafa hannun Oga, abin da bai taɓa yi ba. A karon farko cikin wata uku, ya kalli Sharifa ido cikin ido.

"Oga, kashe wayar. Saniyar tana Gwada tana kiwo. Na'urarta na ciro don gyara, na mance ta a but ɗin motata. Wanda na ɗauko a Paiko kawuna ne, goro muka saya a Kure, gidan kuwa na mahaifin Sharifa ne, kuma ya ce sai abin da ta ce."