Hanci Ɗaya, Sarauta Uku

Ku yi mini shiru. Yaro mai tarbiyya ba ya tsare babba da tambaya. Daga na ce na san mutumin nan na cikin littafinku, shi ke nan kun sa ni gaba: a ina, yaushe, mene ne sunansa. Kai Mubashir, miƙo littafin.

Ban yi boko ba, amma ina da ido. Littafin Japanawan nan ma ya fi na makarantarku hankali, daga dama ake buɗe shi. Ga mutumin: dogon hanci, gilashi a ido ɗaya, baƙar alkyabba. Kun ce mai zanen yana canza masa sarauta daga littafi zuwa littafi, ya mutu a wannan ya dawo a wancan, kuma kullum shi ne mugu. Har sai an je Japan? A unguwar International City ta Dubai ya zauna, hawa na uku, saman shagon mai gyaran waya.

A 2017 sarautarsa Ciroma ce, ta wani gari da yake faɗa da sauri don kada a ji sosai. Ran Juma'a ya sha rawani mai kunne biyu ya tafi Abu Hail, inda 'yan kasuwarmu ke cin abinci. Manyan mutane masu kwantena goma a kan ruwa su durƙusa suna ranka ya daɗe. Kewar gida ce. Su ga rawani a Dubai, hankali ya tafi.

A gidansa akwai wata tsohuwa. Ita ke naɗa masa rawanin, don shi ko zariyar wando da kyar yake ɗaurawa. Ita ke guga, ita ke tuƙa tuwo. Bizar 'yar aiki ya yi mata, fasfonta yana hannunsa. Yana gaya wa baƙi baiwar gidansu ce, gadonta ya yi. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta yi masa magana sai ta kalli bango ta ce, "An sauke abinci." Baƙi su ce ka ga ladabin fada.

Yakan ba da labarin mahaifiyarsa, wai gimbiya ce, ta rasu a asibitin Landan da carbi a hannu. Kowa ya ce Allah ya jiƙanta. Tsohuwar tana tsaye da butar shayi, ita ma ta ce amin.

Sai ya ga Murjanatu. Yarinya mai ba da magani a wani kanti a Deira, ta sha wuyar karatu kafin ta samu aikin. Ya ce mata matar Ciroma ba ta tsayawa bayan kanta tana miƙa wa ƙarti maganin tari. Ta rubuta takardar barin aiki, tana jira a sa rana ta miƙa. In ta miƙa, bizarta ta koma hannunsa.

Tsohuwar ta san abin da ke biyo baya, don ta gani sau biyu. A Sharja yana Tafida, Saratu ta bar koyarwa saboda shi. Wata biyar ya soke bizarta, ta koma gida da ciki da akwati ɗaya. A Ajman yana Galadima, haka. Sau biyun nan tsohuwar ta ja bakinta, wai ko zai shiryu. Wauta.

Wata rana Murjanatu ta shigo kicin da man shafawa na ciwon gwiwa. Ba wanda ya aike ta.

"Iya, kin san shi tun yana ƙarami. Mutumin kirki ne?"

"Yana ƙarami yana da kirki. Kada ki miƙa takardar barin aikin nan tukuna."

Ranar sa rana, wan Murjanatu, Halliru, ya zo da dattawa biyu. Mai alkyabba ya harɗe a kujera ya ce a kawo dabino. Tsohuwar ta shigo da tire rufe da faifai, ta wuce shi, ta ajiye gaban Halliru. Ya ɗaga faifan. Babu dabino. Katin biki ne guda biyu masu hoto, da ta ɓoye cikin matashinta, sai na uku wanda ya riga ya buga don Murjanatu tun ba a sa rana ba.

"Alhaji, ban iya karatu ba," in ji ta. "Duba mini, ko mutum uku ne."

Halliru ya karanta sunaye uku, sarauta uku. Ya dubi hotunan, ya dubi hancin da ke gabansa.

Mutumin ya miƙe. "Tsufa ya taɓa ta. Ke, faɗi sunana. Gaya musu ko ni wane ne."

Ta kalli bango. Sannan ta kama kunnen rawanin na hagu, inda ta soke shi da safe, ta ja. Ya warware har ƙasa. Ga kai ƙwal, da tabon da jaki ya yi masa yana shekara shida a kasuwar Wudil, lokacin yana tsaron tukwanen ubansa.

Bai kai mako ba ya bar ƙasar. Fasfon tsohuwar ya ajiye a kan firij, wannan kaɗai zan yaba masa. An ce an gan shi a Istambul da wani rawanin, a karkace. Murjanatu tana kantinta har gobe. Ita ta riƙe tsohuwar, har mijin 'yar tsohuwar ya samu aiki a unguwar Al Warsan ya ɗauke ta.

Rufe littafin, Mubashir, ka daina shafa hancinka kana kallona. Ku tashi ku kwanta, kuma kada wanda ya sake tambayata sunansa: a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari.